Ranar da Aka Sallami Gajere

Tun da ciwon suga ya cinye wa Malam ido, Gajere ne yake yi masa karatu. Malam tsohon malamin lissafi ne. Matarsa ta rasu, 'ya'yansa kowa ya kama gabansa, sai Auta kaɗai ke gari ɗaya da shi. Gajere kuwa tsohon direban babbar mota ne, dogo ne sosai, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar falon Malam. Sunan ya same shi tun suna firamare suna zaman benci ɗaya. Tsawo ya zo masa daga baya, sunan kuma ya ƙi tafiya.

Gidajensu na kallon juna, titi ne kawai a tsakani. Kullum da hantsi Gajere zai tsallako da jarida a hammata, ya ja kujerar roba kusa da taga, ya ɗora yatsa a kan layi ya fara. Daga firamare bai ci gaba ba, don haka karatun nasa irin na tsohuwar mota ne a kan hawa: a tafi, a tsaya, a yi tari, a sake tashi. In ya ci karo da doguwar kalma sai ya kewaye ta kamar rami.

"Wai za a gyara babbar gada kafin ƙarshen shekara. Ƙarya ce."

"Su suka rubuta ƙarya ce?" in ji Malam.

"A'a, ni na ƙara."

"To karanta abin da ke takarda, ka bar mini hukunci."

"Kai da ba ka taɓa tuƙa ko amalanke a kan gadar ba, wane hukunci gare ka?"

Haka suke yi har rana ta take. Bayan jarida Gajere zai duba masa saƙonnin waya, ya karanta masa rubutun jikin kwalaben magani, ya sha shayi kofi biyu yana kushe shi, sannan ya tafi. Duk ranar da Auta ta zo, ƙorafi ɗaya take tararwa.

"Mutumin nan zai kashe ni da hawan jini kafin suga ya samu dama," in ji Malam. "Ba karanta jarida yake ba, yanka ta yake."

Auta dariya kawai take yi. Ita injiniya ce. Ita da wani abokin aikinta suna da ɗakuna biyu a saman wani shagon ɗab'i, inda suke gyaran na'urorin asibiti. Tebur ɗinta cike yake da wayoyi, ƙananan sukurori a murfin kwalba, da warin dalma da ba ya barin tufafinta.

Dariyar ta ƙare ranar da aka kira ta daga asibiti. An sauya wa Malam magani, kwalabe biyu suka zo kusan iri ɗaya, rubutun jikinsu ƙanana kamar ƙafar tururuwa. Idon Gajere shi ma ya fara gajiya, ko da yake bai taɓa faɗa wa kowa ba. Ya karanta umarnin wannan a kan wancan. Malam ya sha, sugansa ya faɗi, ya yanke jiki a bakin banɗaki. Gajere ne ya cicciɓe shi har bakin titi yana ihu a tsayar da mota.

A barandar asibiti Auta ta sami Gajere a tsugune, hularsa a hannu.

"'Yata, ni ne," ya ce. "Ni na karanta ba daidai ba."

"Ba komai, Kawu. Tsautsayi ne."

Amma ba ta zauna kusa da shi ba. Ta tsaya jikin taga tana kallon motocin da ke ƙasa, zuciyarta na ce mata ba za ta sake barin ran mahaifinta a hannun idon wani tsoho ba.

Malam ya warke ya dawo gida. Ita kuma ta share gefe guda na teburinta ta fara aiki. Abin da take so shi ne tabarau mai ƙaramar kyamara a goshi da 'yar lasifika kusa da kunne: mutum ya fuskanci rubutu, ya danna, tabarau ya karanta masa. Akwai irinsa a kasuwa, amma duk wanda ta gani an yi shi ne don matasa masu sanyin hannu da kaifin kunne, kuma ba ya jin yaren da Malam ke karanta jarida da shi.

Na farko da ta kawo nauyi ne da shi, yana ta zamowa daga karan hancin Malam. Kafin a gama shafi ɗaya batirin ya ɗau zafi.

"Auta, tabarau kika kawo mini ko dutsen guga?"

Na biyu bai yi zafi ba, amma muryar gudu take kamar ana bin ta bashi. Na uku yana da maɓallai huɗu ƙanana a gefe. Sai a lokacin Auta ta gane cewa suga ya kashe wa mahaifinta kan yatsu. Yana shafa wurin, ba ya jin komai. Ta daɗe tana kallon hannunsa yana lalube. Ta koma ta cire su duka, ta sa guda ɗaya babba mai kaushi wanda ko da gefen hannu za a iya dannawa.

Ta riƙa kai samfurin ɗakin jira na asibitin ido tana roƙon tsofaffi su gwada. Wata tsohuwa ta ce muryar kamar ta mai kawo labarin mutuwa, ita ba za ta sa wannan a kunnenta ba. Auta ta sauya, ta sa murya mai fara'a, mai taushi, irin wadda za ka ji kamar mai ita murmushi take. Wani tsohon tela ya ce shi ba ya son danne-danne in saƙo ya shigo waya, a karanta masa kawai. Ta haɗa tabarau da waya yadda saƙo na shigowa zai karanta da kansa.

Duk wannan lokacin Gajere yana nan a kujerarsa ta roba, shi ne babban ɗan kallo. Bai ƙara taɓa kwalbar magani ba, Auta ke jera su a ɗan akwati mai gida-gida duk mako, amma jarida tasa ce. Na'urar kuma tana ba shi abin dariya, don ba ta bambanta wasu kalmomi. Rannan ta karanta cewa an karɓi manyan baki a filin jirgi.

"Manyan baki!" Gajere ya buga cinya. "Malam, danginka ne suka sauka. Wannan abu ai gwamma ni."

Malam ya yi dariya har da hawaye. Auta ta rubuta kuskuren a wayarta, ta tafi ta gyara. Haka ta yi ta bin kurakuran ɗaya bayan ɗaya, wata da watanni, har suka ƙare.

Ranar da ta kawo na ƙarshe, da yamma ne, rana ta faɗo ta taga a kan tebur. Tabarau ya yi sauƙi kamar na kowa. Malam ya sa, Gajere ya miƙa masa jarida, ya fuskanci shafin farko ya danna. Muryar ta fara, a natse, ba tuntuɓe, ba tari. Ta wuce dogayen kalmomin da Gajere ke kewayewa kamar ba komai. Malam ya juya shafi da kansa. Ya ɗauko kwalbar magani, ta faɗa masa suna da yadda ake sha. Ya tashi ya laluba kantar littattafansa ya zaro wani tsohon littafin lissafi da rabonsa da shi tun idonsa na gani, ya buɗe tsakiya, ya tsaya yana saurare, leɓensa na motsi tare da muryar.

Auta ba ta taɓa ganin fuskarsa haka ba tun rasuwar mahaifiyarta. Ya miƙo hannu ya lalubi kanta ya dafa.

"Allah ya yi miki albarka." Sai ya juya wajen kujerar roba, murna ta cika shi, ya ce, "Gajere, ka ji yadda ake karatu? To daga yau an sallame ka. Ba fansho, ba garatuti."

Aka yi dariya. Gajere ma ya yi, har ya fi kowa ɗaga murya.

"Na gode wa Allah," ya ce. "Dama aikin ba albashi, sai shayi kamar ruwan wanke kofi."

Washegari ya zo kamar kullum. Ya tarar Malam ya riga ya aika an sayo jarida, ya gama ta tun da sassafe, har yana ba shi labarin abin da ke ciki. Gajere ya zauna da tasa a naɗe a kan cinya. Suka taɓa hira, amma hirar ba ta da abin kamawa. Da can faɗan karatu ne ke jan ta. Ya sha shayi kofi ɗaya ya tafi. Daga nan ya koma zuwa bayan kwana biyu, sannan sai in an haɗu a bakin ƙofa. Malam bai aika a kira shi ba. A ganinsa mutumin da ya yi shekaru yana shigowa ba sallama ba ya buƙatar gayyata.

Auta ba ta lura ba. Wani asibiti ya ga tabarau ya nemi a yi masa da yawa, ita da abokin aikinta suka ɗauki ma'aikata, suka kama ɗaki na uku. Takan kira mahaifinta a waya ta tambayi batir, ta tambayi murya, ya ce komai lafiya.

Babban ɗan Gajere akanta ne a wani birni mai nisa, tafiyar yini guda a mota. Wata ranar hutu Auta ta zo ta ga motarsa a ƙofar gidansu, ana fito da katifa. Ya tsallako ya gaishe ta da fara'a.

"Injiniya, ai ke zan yi wa godiya. Shekara nawa ina fama da Baba ya dawo wurina, kullum amsa ɗaya: wa zai yi wa Malam karatu? Wannan karon da na tambaya sai ya ce to."

Auta ta ce Allah ya sa alheri, ta shiga gida da sauri. Malam na zaune da tabarau a fuska, bai kunna ba.

"Baba, ka san Kawu zai tafi?"

"Na sani."

"Ka ce masa ya zauna mana. In kai ka faɗa zai ji."

"In raba mutum da ɗansa don me? Can akwai jikoki, akwai mai dafa masa abinci. Nan me yake da shi?"

"Yana da kai."

Malam ya ce, "Ni na ce an sallame shi a gabanki. Yanzu in je in ce me? In ce wasa nake? Ai ya san wasa ne."

"To in ya sani, me ya sa zai tafi?"

Malam ya juya fuska wajen taga. Ita ma ba ta tsallaka titi ta faɗa da bakinta ba, ko da yake ta yi tunanin hakan. Ta ga kamar ba huruminta ba ne shiga tsakanin manya.

Da aka gama loda kaya Gajere ya shigo, ya sunkuya a ƙofa kamar kullum. Bai zauna ba.

"To, Malam, zan je in ga abin da yaran nan ke ci suke ƙiba."

"Ka je. Ka dai rage surutu a gidan mutane, kada su dawo mana da kai."

"Ko sun dawo da ni ba wurinka zan zo ba."

Suka yi musabaha. Hannun ya daɗe bai rabu ba, Auta ta kau da kai. Gajere ya ce mata, "'Yata, ki kula da tsohon nan, rigima gare shi," ya fita. Malam ya tsaya a bakin ƙofa yana fuskantar titi har ƙarar motar ta ɓace.

Da farko suna waya. Amma shekarun da Gajere ya yi a kan injin babbar mota sun taɓa masa kunne, ido da ido yana kama magana daga baki, a waya kuwa sai "Na'am? Me ka ce?" Malam ya yi ta ɗaga murya har ya gaji, a yi sallama ba a ce komai ba. Kiran ya ja baya. Auta ta ce za ta kai shi ziyara in aiki ya lafa, har ta ce za ta duba ko akwai abin da za ta haɗa wa Kawu na kunne. Aikin bai lafa ba.

Malam ya karance littattafan kantarsa kaf. Bai ƙara kuskuren magani ba. Ya rame kaɗan, ya rage magana, in Auta ta tambaya sai ya ce tsufa ne.

Wata safiya yana zaune yana shan shayi, tabarau a fuska, saƙo ya shigo wayarsa. Na'urar ta yi abin da aka gina ta ta yi. Da muryar nan mai fara'a, mai kamar murmushi, ta karanta masa cewa Allah ya yi wa Baba rasuwa da asuba bayan gajeriyar rashin lafiya, za a yi jana'iza kafin azahar, a yafe masa. Ta faɗi sunan Akanta, babban ɗan Gajere, a ƙarshe, ta yi shiru.

Ba kowa a gidan. Malam ya kai hannu zai cire tabarau, sai ya bugi babban maɓallin. Muryar ta sake karantawa daga farko, da fara'arta.

Auta ba ta ga nata saƙon ba sai da ta fito daga wani taro. Ta kira mahaifinta bai ɗauka ba. Da ta iso ta same shi a kujerarsa, shayi ya zube a kan tebur ya bushe, tabarau na ƙasa kusa da ƙafarsa. Ta durƙusa ta riƙe gwiwarsa.

"Baba, wa ya faɗa maka?"

Ya nuna ƙasa da haɓa.

"Sau biyu," ya ce. "Tana dariya."

Auta ta kifa kai a gwiwarsa ta yi kuka. Shi bai yi ba, ya dai bar hannunsa a kanta.

Ba su samu jana'iza ba. Washegari ta ɗauke shi a mota suka kama hanya, suka isa da la'asar. Akanta na zaune a wani dogon bene, can sama. Gida ne mai kyau, mai tsabta. Matarsa ta tarbe su da kuka, ta kai su ɗakin da Gajere ya zauna: gado mai laushi, talabijin a bango, taga mai kallon rufin wasu gidaje. Ba abin da ya rasa, kowa ya ga haka.

"Wallahi, Baba, mun yi iya ƙoƙarinmu," ta ce wa Malam. "Ba ya cewa yana son komai. Mu fita aiki, yara su tafi makaranta, mu dawo mu same shi inda muka bar shi. Na ce ya riƙa sauka ƙasa yana shan iska, ya ce bai san kowa ba. Ni har na ɗauka dama can shi mai shiru ne."

"Mai shiru," in ji Malam. Ya maimaita a hankali. Ya nemi a zaunar da shi a bakin gadon, ya shafa zanin da tafin hannu, ya yi addu'a mai tsawo. Da Akanta ya zo yana ba shi haƙuri, sai Malam ya ce, "Kai ka yi abin da ɗa ke yi. Allah ya saka maka."

A hanyar dawowa, bayan sun yi nisa, Auta ce ta fara magana.

"Da ban yi tabarau ɗin nan ba..."

"Da na mutu da maganin wani ciwon," ya katse ta. "Kada ki ɗora wa kanki. Abinki ya yi aikinsa. Ni ne na ga ido ya dawo, na ɗauka shi kaɗai na rasa." Ya juya fuska wajen taga. "Titi ne fa kawai. Ko da sanda zan iya tsallakawa."

Ta so ta ce ita ma ta iya tsallakawa ranar da ake loda kaya, amma maganar ta ƙi fita. Ta riƙe sitiyari da hannu biyu ta ci gaba da tuƙi.

Da ta koma wurin aiki ta zauna ta sauya tsarin saƙo. Yanzu in saƙo ya shigo, tabarau sai ya faɗi daga wa yake, ya tambaya ko a karanta ko a jira. In ya ga kalmomin rasuwa ko haɗari, sai ya ce saƙon mai nauyi ne, ko akwai wani a kusa. Gyaran bai ci mata yini ɗaya ba. Ta aika shi ga duk tabarau ɗin da ke hannun mutane, sannan ta zauna ta daɗe tana kallon tebur, har abokin aikinta ya tambaye ta ko lafiya.

Malam ya ɗau lokaci bai taɓa nasa ba. Daga baya ya koma sawa, don magani ba ya jira. Auta ta ce ya dawo gidanta, ya ce a'a, ita kuma ba ta matsa ba. Ta dai mayar da zuwanta kullum bayan an tashi aiki, ko da na ɗan lokaci ne.

Akanta ya sayar da gidan da ke tsallaken titi. Wanda ya saya ya fasa bangon gaba ya buɗe shagon wanki da guga, injina na ruri tun safe. Wata yamma Auta ta tarar da mahaifinta a bakin ƙofa, yana shaƙar warin sabon fenti.

"Wane launi suka shafa?"

"Shuɗi, Baba. Mai haske."

Ya jinjina kai.

"Bai dace da gidan ba," ya ce. Ya juya ya lalubi ƙofa, ta kama masa hannu suka shiga ciki.